Ƙishirwar Inji a Fagen Tseren Motoci

Abin mamaki ne a ce mutum ya mutu da ƙishirwa alhali ga randa cike a ɗakinsa. Amma irin wannan mutuwa ita ce ta kan sami injin mota a fagen tsere. Direba ya auna mai da safe, ya tarar da shi daidai bisa zane, kafin azahar inji ya buga, in an kwance shi kuwa a iske man yana nan bai ragu ba. Darasinmu na wannan karo shi ne mu bincika yadda haka ke faruwa, da dabarun da masana suka yi don su tsare shi.

Mu fara da aikin man inji. A cikin inji akwai wani babban ƙarfe mai juyawa wanda makanikai ke kira karanshaf. Yana kwance bisa waɗansu ɓawo na ƙarfe mai taushi, waɗanda a ke kira metal. Ratar da ke tsakaninsu kamar kaurin silin gashi ta ke, ko ƙasa da haka. Cikin wannan 'yar rata famfo ke tura mai da ƙarfi, har karanshaf ya zama yana iyo bisa mai, ba ya taɓa ƙarfe ko kaɗan. In man ya gama aikinsa sai ya zubo cikin wani kasko a gindin inji, wanda a yawancin motoci ya kan ci lita 4 zuwa 6. Daga nan famfo ke sāke tsotsarsa ta wani bututu mai rariya a baki. To, ran inji duka yana rataye ga abu guda, watau kada bakin bututun nan ya fita daga cikin mai.

Yanzu mu yi gwaji. Mu zuba ruwa rabin ƙwarya, mu riƙe ta da hannu biyu, mu kewaya da gudu. Za mu ga ruwan ya hau gefe guda, ɗaya gefen ya bushe. Haka mai ke yi cikin kasko sa'ad da mota ta sha kwana. In ta karya hagu, mai ya gudu dama; in an taka birki, ya kwararo gaba; in an ba ta wuta, ya koma baya. A hanyar gari wannan ba kome ba ne, gama kwanar gajeriya ce, gudun kuma kaɗan ne. Amma mota mai tayoyi masu kama ƙasa ta kan sha kwana a fage da ƙarfin da ya kai nauyinta, a wannan hali kuwa fuskar mai ta kan karkace digiri 45, daidai da a ce an ɗaga motar an jingine ta rabin tsaye. In kwanar ta yi tsawo sai bututu ya tsotsi iska maimakon mai.

Mu lura da kalmar nan, tsawo, gama ita ce tushen maganar. Fagen Indiyanafolis na Amurka, wanda aka gina a 1909, yana da kwana huɗu, kowace rubu'in mil, dukansu kuma hagu su ke karyawa. Mai ba ya samun damar komowa mazauninsa sai mota ta miƙe. Bari mu yi lissafi. Injin da ke juyi 6,000 a minti ɗaya yana juyi 100 ke nan a daƙiƙa guda. In famfo ya sha iska daƙiƙa 2 kaɗai, karanshaf ya yi juyi 200 da ɗan abin da ya rage masa na mai. Metal ya yi zafi, ya goge, wani lokaci ya narke ya manne, har sandar fistin ta karye ta huda cikin inji. Hasarar ba ta tsaya ga mai mota ba, domin man da ya malale bisa fage tarko ne ga wanda ke biye da shi a guje.

Akwai waɗansu abubuwa da ke ƙara tsananta al'amarin. In inji yana gudu ƙwarai, mai da yawa ya kan maƙale a sama bai sauko da wuri ba, kasko ya ragu. Karanshaf kuma ya kan kaɗa mai ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar nauyi. Saboda haka wanda ya cika mai fiye da kima don tsoron ƙishirwa, ya gudu daga ruwa ne ya faɗa wuta.

Magunguna huɗu ne, daga mai araha zuwa mai tsada. Na fari, a auna mai kafin kowace fita, ya tsaya bisa zanen sama, a kuma zuba irin wanda maƙera motar suka ambata. Na biyu, a sa wa kasko shingaye daga ciki, masu 'yan ƙofofi da ke buɗewa wajen bututu kaɗai, mai ya shiga ya kasa fita. A kuma shimfiɗa faranti tsakanin karanshaf da mai don rage kumfa. Na uku, a ɗaura wata gorar ƙarfe mai cin lita 1 zuwa 3, wadda ke ajiye mai a matse. Da zarar ƙarfin famfo ya faɗi sai ta tura nata cikin inji, ta riƙe shi 'yan daƙiƙu har mota ta fita kwana. Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne busasshen kasko. Nan ba a barin mai ya kwanta a gindin inji. Waɗansu famfuna ne ke kwashe shi nan da nan zuwa wani tanki dabam, dogo siriri. Kowa ya san ruwan gora ba ya barin gindinta don an karkata ta, ba kamar na faranti ba. Wannan dabara ce ke cikin motocin tseren Formula 1, ita aka sa wa Mercedes 300 SL ta 1954, da Porsche 911 da aka fara nunawa a 1963, da Corvette Z06 ta 2006.

Saura aikin direba. Jar fitilar mai ba ta kamawa sai ƙarfin famfo ya kusa ƙarewa, watau ta kan zo da labari ne bayan ɓarna ta soma. Ya kamata a sa agogo mai nuna ƙarfin mai, a riƙa dubansa a tsakiyar doguwar kwana. Makanikai suna da wani ƙiyasi, cewa kowane juyi 1,000 yana bukatar matsi wajen laba 10 bisa inci murabba'i. In allura ta faɗi a kwana, ta tashi a miƙe, to, inji ya yi gargaɗi ke nan, sai a sassauta a fita fage. Kuma duk wanda ya sāke wa motarsa tayoyi masu kama ƙasa fiye da na asali, ya sani ya ƙara wa mai wahala, lalle ne ya duba kaskonsa tukuna.

Ga aikin da za mu yi kafin darasi na gaba: kowannenmu ya sami kwano da kara mai rami, ya yanka kwali ya yi wa kwanon shingaye yadda ya ga dama, sa'an nan mu gwada mu ga na wane ne zai fi daɗewa bai tsotsi iska ba.