Kwamfresar da aka toshe wa baki

Ranar Talata aka kira ni wata masana'antar robobi a Sharaɗa da ke Kano, wai kwamfresarsu ta tsaya cak. Tun daga bakin ƙofa ƙaurin mai ya tare ni. Mai sukurun nan ce, kilowat 55, ko shekara 4 ba ta cika ba. Na gwada juya ta da hannu, ko gezau. Sukurun ya cije.

Yaron da ke kula da ita ya ce, "Oga, tun shigowar bazara take kashe kanta da tsakar rana." Allon yana nuna sama da digiri 110. Manaja ya ga aiki na tsayawa, sai ya ɗauko makanikin motocin kamfanin. Shi kuwa ya yi abin da hannunsa ya saba yi wa mota: ya zare bawul ɗin tamostat ya yar. Mai ya samu gajeriyar hanya ya daina bi ta lagireto, zafi ya ƙaru. Da ta ci gaba da mutuwa sai ya yi wa sensar zafi dabara don kada ta sake tsayawa. Man da ya yi ƙasa kuma ya cike shi da baƙin man mota. Wallahi da na ji wannan sai da na nemi wuri na zauna.

Na buɗe tankin mai, safaretar da ke raba mai da iska ta yi baƙi ƙirin, ta bushe kamar ɓawon itace, mai ya daskare a jikinta kamar ƙaro. Siririn bututun da ke mayar da mai ya toshe, shi ya sa mai yake bin iska har cikin injinan busa, suna ta zubar da kaya. Safaretar ma jabu ce, babu ɗan ƙarfen nan na gasket da ke sauke lantarkin da ke taruwa. Allah ne ya tsare, da gobara muke magana.

Sai na haska tocila a bayan lagireto. Ko ɗigon haske bai ratsa ba. Ƙurar hunturu ce ta haɗu da maiƙo ta zama kamar yaɓe. Ciwon ke nan gaba ɗaya, aikin rabin yini.

Idan inji ya kashe kansa saboda zafi, ku nemi dalili, kada ku taɓa sensa. Digiri 80 zuwa 95 ba matsala ba ce. Daga nan kuwa, duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin rayuwar man. Tamostat kuma yana da aikinsa ko a Kano: man da ya yi sanyi da yawa ruwa yake tarawa, ya ci boris. Idan safareta ta kai awa 4,000, ko bambancin matsinta ya doshi bar 1, a canza ta, a sayi ta gaske. Kada a gauraya mai. A buɗe wa ɗakin hanyar iska.

Na sake faɗa, kada ku bari kowa ya taɓa sensa, ko da shi ne mai kamfanin. Kwamfresa ba mota ba ce, makanikin mota ya tsaya a kan motarsa.

Yanzu sai an yi odar sabon sukuru daga waje, ma'aikatan kuma suna zaune a gida. Don Allah, duk mai kwamfresa ya ɗauki tocila yau ya haska lagiretonsa.