Darasin Tsarki da Lafiya: Kumburin Ciki da Yawan Fitar Iska

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW). Bayan haka:

Ya kai ɗalibi, wanga darasi a kan abin da mutane ke jin nauyin faɗi ne, wato iskar da ke fita ta dubura, wadda malamai ke kira rihi. Akwai yaron da ke ƙin shiga sahu saboda ita, akwai uwar da ke sake alwala sau huɗu kafin ta idar da Azahar. To, babu kunya wajen neman sanin addini. Ka karanta, ka kuma karanta wa na gida.

Daga ina iskar take?

Hanya biyu ce. Ta farko, iskar da muke haɗiya yayin ci da sha. Mai ci da gaggawa, da mai surutu da loma a baki, da mai tauna cingam, da mai shan lemon kwalba, duk suna cika cikinsu da ita. Mafi yawanta na fita ta gyatsa, saura ta gangara.

Ta biyu, a cikin babban hanji akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Abincin da ƙaramin hanji bai narkar ba, shi suke ci, sai ya tashi kamar yadda ƙullu ke tashi in ya kwana. Nan iskar ke samuwa. Likitoci sun ce lafiyayyen mutum kan fitar da ita kamar sau 10 zuwa 20 a yini da dare. Ka ga ke nan fitarta ba cuta ba ce. Yawanta tare da ciwo shi ne abin dubawa.

Abubuwan da ke ƙara ta

1. Wake da danginsa: ƙosai, alala, gurjiya, waken suya.
2. Ɗanyar albasa, ko da ta Aliero ce mai daɗi, da kabeji, da dankali.
3. Madara. Manya da yawa cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikinta. Nono mai tsami ya fi sauƙi ga irin waɗannan.
4. Taurin bayan gida, domin in hanya ta cushe iska na taruwa.
5. Ruwa marar tsabta. Ruwan gulbi da na tafkin fadama na iya ɗauke da ƙwayar cuta mai sa zawo, da kumburi, da gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Yadda za ka rage ta

Annabi (SAW) ya yi mana jagora a hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, inda ya nuna a kasa ciki uku: abinci, da abin sha, da numfashi. Saboda haka ka zauna, ka ci a hankali, ka tauna sosai, ka tashi kafin ciki ya yi tam. Da azumi ma kada ka haɗa ƙosai da kunu da lemo da tuwo a zama guda, sannan ka tafi Asham kana nishi.

Iyayenmu mata, a jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan, a dafa shi ya nuna luguf. A rage kanwa. Kada a hana yara wake, abinci ne mai gina jiki. A dai ba su kaɗan-kaɗan har ciki ya saba.

Mu mutanen Kabi Allah Ya yi mana baiwa. A cikin hatsi duka, shinkafa ce mafi ƙarancin kawo iska, kifi kuma ba ya tashi a hanji yadda wake ke yi. Ga shinkafar fadama, ga kifin Argungu. Ranar da ciki ya dame ka, su ne abincinka.

Ka tafasa ruwan gulbi kafin sha, ka wanke hannu da sabulu. Ka ɗan taka bayan cin abinci, kada ka kwanta nan take. In kana zargin wani abinci, bar shi mako biyu ka gani, sannan ka dawo da shi. In kumburin ya dawo, ka gane mai laifi.

Hukuncinta a alwala

Fitar iska na warware alwala, da ƙara ko babu. Tsarkin dubura bai wajaba saboda ita ba, alwala kawai za ka sake. Ƙugin ciki kuwa, muddin babu abin da ya fita, ba ya warware komai.

A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yi shakka ko alwalarsa ta warware zai sake ta. Amma wanda shakka ke zo masa kullum, wato mai wasiwasi, ba ya waiwayarta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya kai irin wannan kuka, Annabi (SAW) ya hana shi yanke salla sai in ya ji ƙara ko wari.

Wanda iska ke kuɓuce masa ba da ikonsa ba, shi ne mai salasi. In tana lizimtarsa rabin lokaci ko fiye, ba ta warware alwalarsa, sai dai an so ya sabunta ta ga kowace salla in babu wahala. In kuwa lokacin da take ɗaukewa ya fi yawa, tana warwarewa. Ya tambayi malami, ya kuma nemi magani.

Kada ka shiga salla kana matse da ita, makaruhi ne, kuma tana tafi da natsuwa. Fitar da ita a keɓe, ka yi alwala, ka zo.

Ladabi

In ta kuɓuce wa ɗan'uwanka a aji, kada ka yi dariya, kada ka laƙa masa suna. Ya tabbata a cikin Buhari cewa Annabi (SAW) ya yi wa sahabbai wa'azi a kan yi wa mutum dariyar abin da kowa ke yi. Dariyar minti ɗaya na iya raba yaro da makaranta.

Yaushe za a tafi asibiti?

In akwai jini a bayan gida, ko rama babu dalili, ko zawon da ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani, a nemi likita. Mafi haɗari shi ne ciki ya kumbura, mutum na amai, bayan gida da iska duk sun ƙi fita. Wannan na iya zama toshewar hanji. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko ba da maganin wankin ciki. A garzaya Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Babban Asibitin Argungu, ko wanda ya fi kusa, ko da tsakar dare ne.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi biyu da iska ke samuwa a ciki.
2. Shin ƙugin ciki na warware alwala?
3. Mene ne hukuncin mai salasi?
4. Waɗanne alamu ne ke sa a tafi asibiti nan take?

Allah Ya ba mu lafiya da fahimtar addini. Wallahu a'alamu.