Ina ungulayen kwata suka tafi?

Ni likitan dabbobi ne, kuma mafi yawan aikina a kwata yake: duba dabba tun tana tsaye, duba huhu da hanta da saifa bayan an feɗe, buga hatimi a naman da ya dace, sai kuma cacar bakin da ke biyo baya duk ranar da na ce wa mahauci wannan ba zai shiga kasuwa ba. Wanda ke wannan aiki dole ya damu da abin da ba a sayarwa. Kowace safiya kwata na fitar da daskararren jini, da gutsattsarin fata, da mahaifa, da 'yan tayi, da ruɓaɓɓiyar hantar da muka hana. A da, kafin rana ta take, ungulu ta kwashe kaso mai yawa daga ciki. Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Zariya ko Katsina ko Maraɗi shekaru talatin zuwa arba'in da suka wuce ya san su jere a kan kwanon rumfunan 'yan nama, ko sun cika kan rimi suna jira. Yara na jifansu, mahauta na korarsu, su ɗan matsa su dawo. Yau a kwatoci da dama sai a yi wata da watanni ba a ga ko ɗaya ba. Jujin kuwa yana nan, sai dai ya sauya masu ci: karnuka, gafiya, hankaki da ƙuda.

Abin da tsofaffin mahauta ke faɗa da baki, masu bincike sun ƙirga shi. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙidayar tsuntsaye masu cin nama, sannan ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Manyan ungulaye irin su mikiya sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun dajin da ake tsaro. Ungulun gari, wannan tamu mai sanƙo, a lokacin ta ragu da kusan rabi, kuma daga baya abin ya ƙara muni. Wani nazari da Darcy Ogada da abokan aikinta suka yi a faɗin Afirka ya ƙiyasta raguwarta da kashi 83 cikin 100 a tsawon zuriya uku nata. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa ungulun gari da mikiya a matakin da daga shi sai ƙarewa. Mikiyar nan fa ita ce wadda ta taɓa karo da jirgin sama a sararin Abidjan a 1973, a tsayin mita 11,300.

Idan aka yi maganar ɓacewar halittu a rediyo, alƙaluman manya ne. Rahoton kwamitin masana na duniya da ake kira IPBES ya ce a 2019 nau'o'in dabbobi da tsirrai kimanin miliyan ɗaya na fuskantar ƙarewa. Rahoton ƙungiyar kare namun daji ta WWF na 2024 ya ce yawan namun dajin da ake bibiya ya faɗi da matsakaicin kashi 73 cikin 100 daga 1970 zuwa 2020, a Afirka kuma kashi 76. A Disambar 2022 ƙasashen duniya suka taru a Montreal ta Kanada suka yi alƙawarin killace kashi 30 cikin 100 na tudu da ruwa kafin 2030. Mai sauraro a garinmu yana jin wannan, hankalinsa sai ya tafi kan giwa da zaki da dajin Amazon, ya ɗauka damuwar Turawa ce. Ni dai a ganina rabonmu na wannan asara yana bayan kwata, kuma ya faɗa kan tsuntsuwar da ba wanda ke ƙauna, shi ya sa ba a yi mata kuka ba.

Amfaninta a fagen aikina ba ɓoyayye ba ne. Ruwan cikin ungulu yana da tsami ƙwarai, har yakan kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Ga kuma sauri: garke guda na iya mai da mushen jaki ƙashi cikin ɗan lokaci, kafin ƙuda su yi ƙwai, kafin ruwan mushen ya gangara rafi. A Kenya an gwada, aka ajiye mushe inda ungulu ke sauka da inda aka hana ta. Inda babu ita, mushen ya ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, dabbobi masu shayarwa da ke zuwa ci suka ƙaru, cuɗanyarsu da juna a kan mushen ita ma ta ƙaru. Bambancin ke nan da ya dame ni. Ungulu ta ci ta tashi sama. Kare ya ci ya koma unguwa, ya sha ruwa a inda awaki ke sha, ya yi faɗa da wani karen, ya ciji yaro a hanyar makarantar allo. Cutar haukan kare kuwa da zarar alamunta sun bayyana, kusan ba mai tashi.

Kada a ɗauka ina cewa ungulu za ta maye gurbin tsafta. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci da dubura bai daskarewa, ana zargin ciwon saifa, irin wanda aka tabbatar a wata gona a Suleja a Yulin 2023. Wannan ba a feɗe ta, ba a barin ta ga ungulu ko kare, ƙonewa ake yi ko a binne da zurfi. Amma a daji, inda saniya ke mutuwa ba likita ba jami'i, ma'aikaciyar shara ɗaya ce ke zuwa kan lokaci ba tare da ta nemi albashi ba.

Wanda ke ganin na cika baki ya dubi Indiya. A shekarun 1980 ungulaye a can sun kai gomman miliyoyi, kuma ƙasa ce mai ɗimbin shanu da mafi yawan jama'a ba sa cin namansu, don haka saniya in ta mutu akan fiɗe fatar a bar wa tsuntsaye sauran. A farkon shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da kumburi, diclofenac, ya yi araha, masu dabbobi suka shiga yi wa shanu allurarsa. Magani ne mai aiki, ba wanda ya yi nufin sharri. Sai dai ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar dab da mutuwarta, ƙodarta kan lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. An shafe shekaru ana neman dalili, ana zargin wata sabuwar annoba, har sai da wani likitan dabbobi, Lindsay Oaks, da tawagarsa suka gano shi a Pakistan, aka wallafa sakamakon a 2004. Lissafi ya nuna ko mushe ɗaya cikin ɗari mai ɗauke da maganin bai cika ba, amma ya isa ya yi wannan ɓarna, domin mushe guda tsuntsaye da yawa yake ciyarwa. Wani nau'in ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. Indiya da Pakistan da Nepal sun haramta maganin ga dabbobi a 2006, amma an riga an makara. Mushe ya yi ta ruɓa a bakin ƙauyuka, ruwan sha ya gurɓata, karnukan titi suka ƙaru da miliyoyi. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta gundumomin da a da ke da ungulu da waɗanda dama ba su da ita, suka ƙiyasta cewa rashin tsuntsuwar ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya a kan adadin, amma ko an raba shi biyu ya isa abin tsoro.

Wannan labari ya shafi 'yan sana'ata kai tsaye, domin nakan ga kwalaben diclofenac a jakar masu yi wa dabbobi allura a kara ranar kasuwa, wani lokaci ma na mutane ne aka juya wa saniya. Akwai madadinsa, meloxicam, wanda aka gwada aka ga bai cutar da ungulu, aikin kuma ɗaya ne. Shi nake rubutawa, shi nake roƙon abokan aiki da masu shagon maganin dabbobi su riƙa bayarwa.

Amma a yankinmu ba allura ce babbar makashiya ba. Nazarin Ogada ya nuna cewa cikin mace-macen ungulun da aka rubuta a Afirka, kashi 61 cikin 100 guba ce, kashi 29 kuma fataucin sassan jikinta. Wani binciken na kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda Ralph Buij ya jagoranta, ya samu kusan kashi uku cikin huɗu na gawarwakin ungulun da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya suke, Benin na biye. Kai ake nema, da ƙafa, da ƙwai, da gashi. Ana cewa tunda tana hango mushe daga nesa, kanta zai sa mutum ya hango abin da ke ɓoye, ya ci caca, ya ci zaɓe, ya yi farin jini a kasuwa. Wasu na haɗa shi a maganin farfaɗiya da taɓin hankali. Da tamu ta yi ƙaranci, farashi ya hau, mafarauta suka tsallaka iyaka zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Akwai wata farar ungulu, irin wadda Turawa ke dangantawa da Masar, da aka ɗaura wa na'urar bibiya a Girka aka sa mata suna Paschalis. Ta haye Bahar Rum, ta ƙetare Sahara, ta sauka kudancin Nijar, a farkon 2014 wani mafarauci da ya fito daga Najeriya ya kashe ta don kasuwa. A Guinea-Bissau kuwa, a 2020, fiye da ungulaye 2,000 aka tsinta matattu a yankunan Bafatá da Gabú, da yawa an sare kawunansu.

Abin da mai sayen kan ungulu bai sani ba shi ne yadda aka kama ta. Hanya mafi sauƙi ita ce a barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan nama, irin su Furadan, a ajiye a koma gefe. Tsuntsuwar da ta mutu haka, gubar na nan a bakinta da maƙogwaronta. A busar, a daka, a ba mai farfaɗiya ya sha a kunu. Haka nan naman, in ya bi hannun marasa tsoron Allah aka ƙyafe shi aka ce wani tsuntsu ne, ungulu da kan zabo ke nan a zahiri, kuma da guba a ciki.

Sai kuma gubar da ba ita aka nufa ba. Kura ta kashe wa makiyayi maraƙi, ko karnuka sun addabi unguwa, sai a zuba guba a mushe a bari. Kurar wataƙila ba za ta dawo ba, amma ungulu ba ta jewar banza, kafin azahar ta sauka da danginta. Wannan jewar ma ita ta sa masu farautar hauren giwa suka tsane ta, don tana tona wa masu gadin daji inda aka yi kisa. A Botswana a 2019, gawar giwa uku da aka sa wa guba ta kashe ungulaye 537 a wuri guda.

Da a ce tana hayayyafa kamar tsuntsayen gona da abin bai kai haka ba. Ungulun gari ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana hamsin, ɗan kuma ya yi watanni yana dogara da iyayensa, sannan ya ɗauki shekaru kafin shi ma ya fara. Sheƙarta a kan dogayen itatuwa take, rimi da kuka da maɗaci da giginya, wasu daga cikinsu kuma su ne masu katako da masu gawayi suka fi so. In aka sare rimin bayan kasuwa don a gina shaguna, an rushe gidan da aka yi shekaru ana komawa.

Abin da na ga yana aiki ba taron otal ba ne. Sarkin fawa in ya ce ba a harbi ko ɗana tarko a harabar kwatarsa, ba a yi, domin mafarauta sun san kwata ce wurin da sauran ungulayen ke taruwa, kuma ba sa shiga sai da ɗan gari. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta zauna da shugabannin masu maganin gargajiya, wasu daga cikinsu suka yarda su koma kan saiwoyi da ganyaye a madadin sassan ungulu. Wannan ya fi kame tasiri, don mai magani ya fi jin maganar ɗan'uwansa mai magani. Ana kuma ware Asabar ta farko a watan Satumba kowace shekara don wayar da kai game da ungulu, kuma zan so in ji limamai da masu shirye-shiryen noma a rediyo sun ɗauki maganar, ko don batun guba kaɗai.

Wanda ya tarar da ungulaye biyu ko fiye matattu kusa da mushe, ya ɗauka guba ce har sai an tabbatar da akasin haka. Kada ya taɓa da hannu, ya kori yara da karnuka da kaji daga wurin, ya hana kowa ɗiban naman ko tsuntsayen, ya rufe mushen da ƙaya ko buhu don kada wasu su sauka, ya aika wa ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko ma'aikatan gandun daji. Mu za mu ɗauki samfur, sannan a ƙone komai ko a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya. In akwai mai sauran numfashi, a lulluɓe ta da buhu a sa ta a inuwa, domin wadda ta amayar da abin da ta ci da wuri takan tashi.