Audugar Bt: Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Iri

Wani manomi daga yankin Funtuwa ya aiko mini da tambaya. Eka biyu gare shi, an kawo masa tallan irin auduga da aka ce tsutsa ba ta ci, yana so ya san ko ya watsar da irinsa na gida.

Malam, kada ka yi gaggawa. Wannan iri, da ake kira Bt, an sanya masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, shi ya sa tsutsar da ke huda ƙwallon auduga take mutuwa in ta ci. A 2018 Najeriya ta amince da nau'i biyu, bayan gwaji a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Yana rage feshi, wannan gaskiya ne. Amma tsutsa kaɗai yake kashewa. Darɓa da farin ƙuda, masu tsotsar ruwan ganye, ko a jikinsu. Juya ganyen ka duba bayansa: in ka ga ya yi danƙo yana nannaɗewa, sai ka ɗauko famfo kamar kullum.

Sai batun kuɗi, wanda ’yan talla ba su cika tsayawa a kai ba. Iri ne mai aure, in ka ajiye guryarsa ka shuka baɗi ba zai ba ka yabanya irin ta bana ba, dole kowace damina ka sake saye. Kuma yana son taki. Wanda ya ci bashi ya sayi iri, ruwa ya ɗauke a watan Agusta, bashin na nan yana jiran sa.

Burkina Faso ta rungumi irin a 2008, ta yi watsi da shi a 2016. Manoma da yawa sun ji daɗin sauƙin feshi, amma silin audugar ya gajarta, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanonin gurza suka ce a kai kasuwa. A Indiya kuwa, inda aka fara tun 2002, jar tsutsa ta saba da gubar da ke cikin audugar Bt ɗin, manoma suka koma feshi alhali sun biya kuɗin iri mai tsada.

Shawarata, ware rubu'in gonarka ka gwada, sauran ka bar wa irin da ka sani. Sami littafi ka rubuta kuɗin iri, taki, feshi da ƙwadago na kowane ɓangare, ka auna amfaninsu daban. Ka kewaye Bt ɗin da ’yan kunyoyin audugar gida, domin tsutsar da ta tashi a nan ta haɗu da wadda ta tsira, kada zuriyarsu ta yi saurin sabawa da gubar. Iri kuma ka saya a rufe cikin ledarsa wurin dillalin da malamin gona ya sani, don jabu ya yi yawa. Tun kafin shuka, je ka tambayi mai sayen audugarka nawa zai biya kilo.