Ƙungiyoyin Masu Nazarin Tsuntsaye da Makomar Ungulu a Birane

Bahaushe ya daɗe da sanin tsuntsayen da yake zaune da su a gari. Zuwan shamuwa kan shaida masa cewa damina ta ƙarato, balbela tana biye da shanunsa, shirwa kuma ta sa shi tsaron 'yan tsaki. A wannan darasi za a duba yadda wasu 'yan sa kai suke ƙoƙarin kare irin waɗannan tsuntsaye a biranen Nijeriya, tare da ɗaukar ungulu a matsayin misali.

A da, da wuya a je mayanka ko bayan kasuwa ba a tarar da ungulaye ba. Adabin baka ma shaida ne, domin a cikinsa ne ake cewa "ungulu ba ta jewar banza", a kuma ce mata ta koma gidanta na tsamiya. A yau ta ɓace daga garuruwa da dama, har akwai ɗaliban da suka san karin maganar amma ba su taɓa ganin mai ita ba. A shekarar 2015 Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sanya wannan nau'in ungulu cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa. Manyan dalilan su ne kama ta da ake yi don sayar da kanta da sauran sassanta ga masu tsibbu da magungunan gargajiya, da gubar da ake zuba wa mushe, da kuma sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kansu. Ɓarnar ba ta saurin gyaruwa, saboda ƙwai ɗaya tak take yi a kowace kwanciya. Rashinta kuwa asara ce ga lafiyar jama'a, tun da ita ce take cinye mushe kafin ya ruɓe ya tara ƙuda da karnuka.

Abin takaicin shi ne raguwar ta auku a idon kowa, amma 'yan kaɗan ne suka rubuta ta. Wannan giɓi ne aka yi niyyar cikewa da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda aka fara a 2015 a ƙarƙashin APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye da take dajin Amurum kusa da Jos, mai alaƙa da Jami'ar Jos. An rarraba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai yakan zaɓi gida guda, ya yi aƙalla awa 2 yana zagayawa, yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, sannan ya aika ta wayar hannu. Ba sai an shiga daji ba. Harabar makaranta da maƙabarta da kududdufin unguwa duk wuraren aiki ne. Ta haka ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye suka ƙaru a birane, ciki har da ayarin Arewa, wanda akasarinsa matasa ne.

Ƙirga kaɗai ba ta dawo da tsuntsu, amma ita take nuna inda ya rage domin a tsare shi. Shi ya sa Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, NCF, take zama da masu maganin gargajiya don neman tsirran da za su maye gurbin sassan ungulu. Ana kuma wayar da kai a ranar ungulu ta duniya, Asabar ta farko a watan Satumba.

Ɗalibin Hausa yana da nasa rabon aikin, domin yawancin littattafan gane tsuntsaye da Turanci suke, sunayen Hausa kuwa suna bakin dattawa da maharba, kuma sukan bambanta daga karin harshe zuwa wani.

Jinga: Ɗalibi ya tattaro sunayen tsuntsaye 10 na garinsu daga bakin dattawa, ya nuna waɗanda aka daina gani, ya kuma kawo karin magana a kan uku daga cikinsu.