Tsutsar Cikin Kifin Teku

Makarfi nesa take da teku, amma kifin teku yana isowa kasuwarta, da ta Ikara da ta Kudan, cikin ƙanƙara. Saboda haka ya kamata jama'a su san wata tsutsa da ake samu a cikinsa, wadda masana ke kira Anisakis.

Mazauninta na ainihi tumbin manyan namun teku masu shayarwa ne. Ƙwanta yakan fita tare da kashinsu, ya ƙyanƙyashe cikin ruwa. Ƙananan jatan lande su haɗiye 'ya'yan, kifi kuma ya ci jatan lande, tsutsa ta naɗe a kayan cikinsa. In naman teku ya cinye kifin, sai ta girma ta yi ƙwai. In kuwa mutum ne ya ci shi ɗanye, takan kama bangon tumbinsa, ta sa masa murɗar ciki da amai. A ƙasar Holan aka fara bayyana wannan cuta, cikin 1960.

Tsare kai ba wuya. Ƙanƙara mai tsanani tana kashe ta, amma ɗan gishiri ko ɗan hayaƙi ba su isa ba. Lalle a cire kayan ciki, a dafa kifi ya nuna har ƙashi. Rigakafi ya fi magani.