Darasin Tattalin Arziki: Lissafin Ƙananan Ƙungiyoyin Ceton Dawaki a Ingila

A ƙasar Ingila akwai ƙungiyoyin agaji masu karɓar dawakin da aka yasar ko aka wulaƙanta. Manya daga cikinsu, irin su Redwings da aka kafa a 1984, suna da ɗimbin masu ba da gudummawa. Ƙananan kuwa kullum cikin fargabar rufewa suke, kuma dalilin hakan darasi ne ga kowane ɗan kasuwa.

Da farko, ɗawainiyar doki ba ta yankewa. Doki mai nauyin kilo 500 yakan ci busasshiyar ciyawa kimanin kilo 10 a rana, wato kilo 3,650 a shekara. Ke nan bargar da ke da dawaki 20 na bukatar tan 73. Ga gyaran kofato duk mako shida zuwa takwas, ga kuɗin likitan dabbobi. Tun da yake doki kan kai shekara 25 zuwa 30, karɓar ɗan shekara 10 tamkar ɗaukar bashin shekara 15 ne ko fiye.

Kuɗin shiga kuwa ba shi da tabbas, domin ya dogara ne ga gudummawa da wasiyyar mamata. Tsarin Gift Aid, wanda aka ƙirƙiro a 1990, yana ba ƙungiya damar karɓar ƙarin kashi 25 cikin 100 daga hukumar haraji a kan kyautar mai biyan haraji, amma sai an bayar kafin a ƙara.

Wani tarkon kuma shi ne kuɗin da aka ɗaure da sharaɗi. Abin da aka bayar don gina barga, doka ba ta yarda a sayi ciyawa da shi ba. Saboda haka asusu kan cika alhali dawaki na jin yunwa.

Ƙungiyoyin da suka ɗore sukan ware asusun ko-ta-kwana na watanni da dama, su ƙayyade yawan dawakin da za su karɓa, sa'annan su ba da aron waɗanda suka warke ga masu riƙo, ciyarwa ta koma wuyan mai riƙon.

Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, kada a ɗauki nauyi na dindindin bisa dogaro da kuɗin da ke zuwa jefi-jefi. Kafin a ƙara ma'aikaci ko a kama sabon shago, a lissafa ɗawainiyarsa har ƙarshen wa'adinsa.